Gamba a Kan Iyaka

Sabo, Badun
20 ga Afrilu

Zuwa ga matata Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da Hannatu da Bulus. Yaya zafin bazara? Na san yanzu a Matameye ko jaki neman inuwa yake. Ki gai da Fasto da matan zumunta.

Bayan gaisuwa, ki sami wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Abin da na gaya miki a waya ranar Lahadi, wai aiki ne ya riƙe ni, ba gaskiya ba ne. Wayata tana ƙasan rijiyar wani Bayarabe. Wadda na kira ki da ita ta aro ce, mutum bakwai na zaune a kaina suna ji, ke ma na san a wayar ɗan Yaya Sa'adu kike amsawa. Shi ya sa na koma takarda. Cha'ibu direban kamyo, babbar motar kayan nan, zai kawo miki in ya sauke awakinsa ya juya.

Yau kwanana goma sha tara a kwance. Muna haƙar rijiya, ina can ƙasa, igiya ta tsinke, guga cike da laka ya sauko mini a ƙwauri. Ƙashin ya karye gida biyu. Malam Muntaka, wani maɗori mutumin Kurni, shi ya ɗora ni, ya ce kada in taka sai na yi wata uku. Ki ƙirga da kanki. Ruwan shuka zai sauka ba na nan.

Kin san maganar gonar tudu, amma bari in maimaita don ki ji nauyinta yadda nake ji. Da na karɓi bangaskiya, malamai suka ce ba ni da gado, kuma bisa ka'idarsu ba su yi ƙarya ba. Baba da ƙafarsa ya kai ni gonar, ya tsaya a layin gambar da ta raba ta da ta Yaya, ya ce daga nan zuwa gawo tawa ce muddin ina shuka ta. Babu takarda, babu tambarin meri, ofishin magajin gari. Shaida ɗaya ne, shi ma ya bi Baba lahira. Damina goma sha ɗaya ban taɓa bari ruwan fari ya same ni a waje ba saboda wannan sharaɗi.

Ba na cewa Yaya Sa'adu mugu ne. Baki goma sha uku yake ciyarwa da gonar da ba ta kai tawa kyau ba. Da ni ne shi, ni ma da idona yana kan tudun nan.

To ga abin da za ki yi. Ki sauko da zangarniyar irin da na ware a rumbu, ki sussuke. Da kin ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, kada ki jira ruwa, ki yi binne, ki zuba irin a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan a can. Daga gamba har gawo, kowa ya gani da idonsa gonar Iliyasu ba ta zauna banza ba. Na san za ki ce a rage kashi ɗaya cikin uku saboda tsaro, yadda Baba ke yi. In an rage ba zai kai ba. Ki zuba duka.

Kada ki gaya wa kowa zancen ƙafar.

Naki har kullum,
Iliyasu

Sabo, Badun
17 ga Yuni

Saratu,

Ina gaishe ki, ina gai da yara. Allah ya sa wannan takarda ta same ku lafiya. Ni dai ga ni, yadda kika san ni a ta farko, sai ƙarin gemu.

Na karanta taki sau huɗu, ko za ta canza. Yayyafi ya sauka, daidai wanda zai ta da iri bai kai ya raya shi ba, gero ya tsiro gona ta yi kore shar, sannan sama ta rufe bakinta kwana goma sha takwas. Kin ce in kin taɓa tsiron sai ya marmashe a hannunki kamar taba. Irin Baba ke nan, wanda ya karɓa daga hannun nasa uban, ya ƙare a wuri ɗaya saboda ni.

Na ce saboda ni, kuma ban yarda ki ɗauki ko ƙwaya ɗaya ta laifin ba. Kin rubuto kin roƙe ni a rage, na aika Cha'ibu ya ce miki maganata tana nan. Yaron goye a Kurni ya san ba a binne da dukan iri. Ni da furfura ta fara fito mini na yi, don ban kalli sama ba, Yaya nake kallo.

Amma akwai abin da ya sosa mini rai a takardarki, kuma tunda mun saba ba ma ɓoye wa juna, zan faɗa. Kin ce matan zumunta sun raka ki gonar, kun durƙusa a kan busasshen tsiro kun yi addu'a, har kun yi waƙa, kin dawo gida zuciyarki wasai. Kin ce Allah yana da shiri. Saratu, wane shiri? Shirin da ya bi ta kan igiya, ya bi ta kan ƙwaurina, ya je ya tsaya a kan yayyafi? Da bai sauko da komai ba, da irin yana nan lafiya a ƙasa yana jira. Ɗan kaɗan ɗin nan da ya bayar shi ya kashe mu. Ba saɓo nake ba, tambaya nake, kuma shi ma na yi masa ita. Addu'ata yanzu duk ta koma ƙorafi. Ina fara ta da Ubanmu, in ƙare kamar mai kai ƙara gaban mai gari.

Ki bar ni da Fasto da gaisuwarsa ta haƙuri. Yana da ƙafa biyu.

Ban taɓa gaya miki ba, akwai majami'a kusa da nan da na je sau uku kafin in karye. Duk zuwa sai mai gadi ya laluba ni, ya tambaye ni ko ɓata na yi, don bai taɓa ganin Bahaushe mai irin rigata ya zo sujada ba. A gida ni ne wanda ya bar hanya, a nan ni ne wanda ake tsoro. Ba na ganin laifinsu sosai, sun ji labarai, kuma ba su san ɗakin da nake ba balle su zo dubiya. Waɗanda ke ɗauke da ni su ne masu salla biyar ɗin nan. Yasin, wani ƙato mutumin Icirnawa, shi ke goya ni zuwa bayan gida safe da yamma. Yana kirana Fasto, yana cewa in roƙa masa Annabi Isa ya rage mini nauyi. Ban san inda zan ajiye wannan a cikin lissafina da Allah ba.

Ba ni da wata dabara da zan ba ki. Wadda na bayar kin ga inda ta kai mu. Kada ki cire Hannatu daga makarantar lakwal don aikin gona, babu gonar.

Mijinki,
Iliyasu

Sabo, Badun
5 ga Yuli

Saratu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara.

Cha'ibu ya iso jiya, bai ko sha ruwa ba ya ba ni labari. Ruwa kamar da bakin ƙwarya ranar Talata, Laraba da sassafe Yaya Sa'adu ya shiga gonar tudu da sungumi, 'ya'yansa na bin sa suna zuba iri, kafin azahar sun kai gawo. Bai yi miki sallama ba, bai aiko kowa ba. Ashe zancen ƙafata ma tun a watan biyar ya kai masa, direbobi ba su da rumbun ajiye magana.

Shi ke nan. Wanda ya shuka shi ke da gona, haka Baba ya ce, kuma ni ban shuka abin da ya rayu ba. Kada ki je gonar, kada ki je wurin mai gari. Kada ki bari matan zumunta su yi ta maganar a bakin rijiya, mu 'yan kaɗan ne a garin nan, kuma gobe ma a nan za mu kwana. In kin haɗu da matansa ki gaishe su yadda kika saba.

An kwance karan ɗori. Ƙafar ta haɗe, amma ta gajarce da kamar yatsa biyu. Malam Muntaka bai ɓoye mini ba, ya ce rijiya kam na gama shigarta. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙashin ne ya ragargaje.

Na zauna in yi addu'a, na rasa abin cewa. Ki yi mini, ke da har yanzu ake jin muryarki.

Iliyasu

Sabo, Badun
12 ga Agusta

Zuwa ga abar ƙaunata Saratu,

Alherin Ubangiji ya tabbata a gare ki. Yaya damina, yaya sauro? Na ji Bulus ya yi zazzaɓi ya warke, mun gode Allah. Ki ce wa Hannatu na ga layi biyun da ta ƙara a ƙasan takardarki, rubutunta ya fi nawa.

Na hana ki zuwa gonar, kika je. Wannan karo na gode da ba ki ji maganata ba.

Kin ce kin bi iyaka tun daga hanya. Ni na san layin nan kamar tafin hannuna, na san wurare uku da gambar ta mutu tun bara, ina ta cewa zan cike ban cike ba. Wanda ke son haɗe gona biyu, ta irin wannan giɓi yake farawa, ya bi da hauya, damina biyu an manta da inda layi yake. Kika ce duka ukun an cike su. An tono gamba daga gefen Yaya an dasa, saiwa bayan saiwa, daidai inda Baba ya tsaya, ko taki ɗaya ba a matso ba, har ta kama ta yi kore.

Saratu, mutum ba ya dasa iyaka tsakaninsa da gonar da ya ƙwace.

Na karanta wurin, na ajiye takardar, sai na ji ina dariya. Yasin ya ce shi ke nan, ciwon ya bar ƙafa ya hau kai. Rabona da dariya tun kafin igiyar nan. Kuma da na natsu sai wani abu ya faɗo mini wanda baƙin ciki ya hana ni gani: irin da Yaya ya zuba, daga ina ya samo shi? Daga hannun Baba, kamar nawa. Wata biyu ina makokin irin da na ce ya ƙare a duniya, ashe yana rataye a rumbun da ke bayan katangarmu.

Kada ki ɗauka na zama wani waliyyi. Ban gane shirin Allah ba har yanzu. Ban san abin da ya sa sai da ƙafata aka biya ba, kuma in na tsaya gabansa zan tambaya. Ban san wa zai kwashe dammunan geron in kaka ta yi ba, tunda kin ce da kika gai da Yaya a hanya, iyakar abin da ya ce shi ne a gaya wa wancan mai taurin kan ciyawa ba ta jiran gurgu. Wataƙila ya raba, wataƙila ya ɗauke duka, kuma in ya ɗauke guminsa ne, kada ki ce uffan. Ban san da me zan ciyar da ku da rani ba. Duk waɗannan suna nan inda suke. Abin da ya canza ɗaya ne. Na yi wata huɗu ina gadin gona daga kan tabarma, da dabarata da tsorona, na ƙone ta. Ranar da hannuna ya kasa, aka tsare mini ita ta hannun mutumin da nake tsare ta don tsoronsa. Jiya na yi addu'a ba ƙorafi a ciki. Gajeriya ce, amma ta fita. Ina jin wannan ne abin da kika samu a kan busasshen tsiron nan, na yi miki faɗa a kansa. Ki yafe mini.

Ga saƙo. Ki je gidan Yaya da rana, ki shiga ta zaure kowa na gani, ki durƙusa ki ce Iliyasu ya ce sannu da aiki. Shekara goma sha ɗaya ban aika masa gaisuwa ba, ina jiran ya fara. Kada ki ƙara komai a kai, ba ya son dogon zance, zai ji kunya ya yi faɗa. In kaka ta yi, abu ɗaya za ki roƙa mini: zangarniya talatin ta iri. Ki ɗaure goma daban ki ɓoye inda ban sani ba, kuma ko me na rubuto miki baɗi, kada ki fito da ita.

Na fara takawa da sanda, jiya na kai bakin titi na dawo. Cha'ibu ya ce zai ajiye mini wuri a gaba in ya juyo ƙarshen wata, mu bi ta Dan Barto. Za ki gan ni ina tafiya kamar ana jan ni gefe ɗaya, ki gargaɗi yara kada su yi dariya sai na zauna. Sungumi ba na jin zan ƙara ɗagawa yini guda. Amma na gwada a tsakar gidan nan, na tona ɗan rami da sanda na tura ƙasa da dunduniya, ya rufu. In wani ya sara, ni zan bi baya in zuba in rufe.

Ki gai da Fasto, ki ce masa maganar ƙafa biyu zafin ciwo ne, in kin riga kin gaya masa.

Mijinki mai kewarki,
Iliyasu