Jinin Da Aka Ajiye A Tsakiyar Gada

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a inda kake. Mu nan muna raye dai. Layinmu saura gida huɗu masu mutane, famfo ya ƙafe, tagogi duk kwali muka liƙa. Amma ga albishir: matarka ta sauka ranar Talata, an sami mace, mai ƙarfin murya kamar babarka. Ka yi haƙuri da rubutun, murna ce ta yi mini yawa.

Sai dai da ƙyar aka sha. Jini ya ɓalle mata, asibitin kuwa babu irin nata ko leda ɗaya. An gwada ni, an gwada gwaggonka, bai dace ba. Ungozoma ta ce saura hanya guda. Ashe likitocinmu da na ƙasar da muke yaƙi da ita sun shirya tsakaninsu, kowace safiya mota kan kai akwatin jini tsakiyar gadar da ta raba mu da su ta ajiye, ta ɗauko nasu. Ungozomar ta miƙo mini takarda in sa hannu. Ka san tun da na yi ajin yamma ba na sa hannu sai na karanta. Na bi da yatsa har na ga inda jinin ya fito, sai na ajiye biro. Daga can aka harbo abin da ya kashe ƙanenka a bakin shagonsa. Allah ya yafe mini, 'yar mutane ta yi fari fat a gado, ni ina tsaye ina tunani. Ungozomar ta ce in na gama karatun in zo in taya ta rufe gawa. Na sa hannu.

Yanzu matarka har tana zama ta ba da nono. Direban da ya ɗauko akwatin kuwa an harbe shi a gadar ranar Alhamis, ba a san daga wane ɓangare ba. Juma'a wani direban ya karɓi motar.

Na je in ba da nawa jinin a sa a akwatin, suka ce na tsufa. Babarka ta ce dama ruwan shayi ne zalla a jikina. To, kai ka je ka bayar a madadina, kada ka tambayi inda za a kai. Ban daina kukan ƙanenka ba, ban kuma san yadda zan yi da mutumin can da ya naɗe hannun rigarsa ya ba da jininsa saboda mu ba.

Ka gaida kawunka Dogo da matarsa, da Auta. Babarka na gaishe ka, jaririya na kan cinyarta.

Ni ne mahaifinka.