Fuskar Abakar da Kuka Cire Daga Ƙofar Shagona

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Kula da Ɗa'a na layinmu a kasuwar Gadarif,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Ustaz yana lafiya, da iyali da sauran 'yan kwamiti. Allah ya taya ku riƙon wannan nauyi.

Sunana Haruna, a kasuwa Haruna Mai Fenti. Shagona yana ƙarshen layin maƙera, daf da inda motocin zuwa yankin Simsim ke lodin 'yan ƙodago. Sama da shekara ashirin ke nan ina zana allunan shaguna da bayan manyan motoci. Sau uku na zo ofishinku ana ce mini ka fita, shi ya sa na rubuta a fili, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Na ɗaya. Ban zo da gardamar hukunci ba. Da kuka ce a daina zana mai rai, ban ja da ku ba. Zakunan da na yi a bayan motoci, ni da hannuna na bi su ɗaya bayan ɗaya na ja musu layi a wuya, tunda an ce in aka raba kai da gangar jiki an fita daga laifi. Wanda layin bai yi masa ba na mayar da shi tukunyar fure. Akwai wani direban garin Ƙala'at an-Nahal da har yau ba ya amsa gaisuwata, saboda raƙuminsa da na mayar bishiyar dabino, wai ko a mafarki bai taɓa ganin dabino mai tozo ba. Ni ba malami ba ne, abin da aka ce na bi.

Na biyu. Allon da kuka ɗauke ba talla ba ne, ba kuma ado ba ne. Fuskar Abakar ce, ɗan Hajja Zainabu maƙwabciyarmu. Damina uku da suka wuce ya hau mota a nan ƙofar shagona zuwa yankan riɗi a manyan gonakin Simsim, bai dawo ba. Ustaz ya san yadda aikin yake: mutum ya gama wannan gona ya wuce waccan, mai gonar ba ya tambayar sunan uban kowa. An aika, an cigita, shiru. Kuma Abakar bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba.

Sai Hajja ta zo mini da wata buƙata da ba a taɓa kawo mini irinta ba. Ta kawo 'yarta ta zaunar a benci, ta ce idanun nan su ne nasa. Washegari ta janyo ƙanenta, tsoho mai tari, ta ce in ɗauki hancin kawai, sauran ba na Abakar ba ne. Wushirya da tabon lauje a saman gira da baki ta kwatanta mini. Haka muka yi ta yi kusan wata guda, in zana, ta duba, ta girgiza kai, in goge. Na ƙarshe komai ya zauna daidai, amma ta ce wannan ɗan wasu ne. Ni kuwa raina ya fara ɓaci, don na san hannuna. Can sai ta tuna cewa tun da sanƙarau ya taɓa shi yana ƙarami kunnensa na hagu ba ya ji, kullum kansa a karkace yake, yana miƙo na dama. Na karkatar da kan ɗan kaɗan. Ta dubi allon, ta ja mayafi ta rufe fuska. A shekarun da na yi ina wannan sana'a ban taɓa jin tsoron abin da hannuna ya yi ba sai ranar.

Na kafa shi a ƙofar shago, na rubuta a ƙasa da Larabci cewa wanda ya san wannan mutum ya yi magana. Rubutun don direbobi na yi. Masu hawa motar, daga 'yan Habasha har mutanen yamma, yawancinsu ba sa karatu, amma kowa yana gane fuska.

Na uku. Ranar Talata, mako biyu kafin a fara yankan riɗin bana, da hantsi, mutanenku huɗu suka zo. Ba su zage ni ba, gaskiya ɗaya ce. Uku suka shiga cire ƙusoshi. Na huɗun, dogo, mai farar jallabiya da tabon ƙuna a bayan hannun dama, ya tsaya yana kallon allon, har na ga shi ma ya karkata kansa yadda na zana. Da kunnena na ji ya ce, "Wallahi ya jama'a, zol ɗin nan, mutumin nan, na san shi, shi ne kurman nan mai tsaron injin ruwa." Babbansu ya harare shi, sai dogon ya haɗiye sauran maganar. Halima mai jabana, wato gahawa, tana wurin, maƙera biyu ma sun ji. Kafin in ajiye burushi in goge hannu, sun jefa allon a mota sun tafi.

Na huɗu. A nan tambayoyina suke, kuma don Allah a ɗauke su tambayar mai son sani. Wane injin ruwa? A wace gona? Yaushe ya gan shi, bara ko bana? Kullum ina juya wannan magana, har na ɓata allon wani mai gyaran rediyo saboda ita. Sannan abin da ya fi ɗaure mini kai: katin shaidar da ke aljihun Ustaz akwai fuska a kai, an kuma ce ta halatta saboda larura, don a gane mutum. To fuskar da na zana, ba don a gane mutum na yi ta ba? Ko larurar hukuma daban, ta uwa daban? In akwai bambanci ina so a koya mini, wallahi zan zauna in saurara. Wata takwas allon nan yana rataye ba wanda ya tanka, ranar da ya yi aikinsa kuma ranar aka cire shi. Wannan ikon Allah har yanzu ina mamakinsa.

Kada a ce in sake zana wani. Na gwada, sai ga fuskar baƙon da ban sani ba. Ƙanen Hajja mai hancin ya rasu, 'yar ta bi mijinta Wad Madani, ita kuma Hajja yanar ido ta rufe mata gani, ba za ta iya cewa nan ya yi, nan bai yi ba.

Don haka ga roƙona. Farko, a faɗa mini sunan mutumin nan mai tabon ƙuna, ko a turo shi ya sha jabana a shagona, ba wanda zai tuhume shi da komai. Na biyu, a dawo da allon. In sai an ja layi a wuya, ku bari ni in ja da hannuna, siriri, a bar fuskar yadda take. In kuma an riga an ƙone shi, a gaya mini gaskiya, in san abin da zan faɗa wa tsohuwa. In ɗaya kawai za ku iya, ku riƙe allon ku ba mu mutumin.

Na so in ɓoye wa Hajja abin da mutumin ya faɗa, amma maganar kasuwa ba ta kwana. Kowace safiya tana lallaɓowa da sandarta, ta shafa ramukan ƙusoshin nan huɗu, ta zauna a benci. Shekara uku tambayarta ɗaya ce, ko an ji labarin Abakar. Yanzu ta daina. Abin da take tambayata shi ne, "Haruna, mutumin kwamitin bai dawo ba?"

Allah ya ƙara wa Ustaz lafiya da adalci, ya raya masa zuriya, kada ya nuna masa ranar da zai nemi ɗansa da kwatance.

Wassalam.

Haruna Mai Fenti,
Ƙarshen layin maƙera, kasuwar Gadarif.