Ruwan Huhun Malam

Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na dame ki. Ya jikin Inna?

Mu a nan Malmö ta ƙasar Sweden lafiya lau, sai Malam da har yanzu inji ke numfasa masa. Jiya likitoci suka wanko huhunsa, ruwan ya fito kamar wankin nama. Likitarsa Ingrid ta ce, "Tasalla, abin da jikinsa ke fitarwa don kashe cutar, shi ke narka huhun."

Ni tun jiya abinci ya ƙi shiga.

Wai in yarda su adana ruwan a firiji don bincike, ko zai ceci wani. Ni da ko farcensa na yanke sai na binne. Shi kuma ba bakin magana.

Ki tambayar min Baba ko ya halatta. Don Allah ki amsa da wuri.

Ƙanwarki,
Tasalla