Ranar da Kika Ambaci Sunana

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗa ga uwa, da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi. Ni ne Habibu, ɗanki na fari, daga Abuja. Yau wata bakwai da rasuwarki.

Kin rasu ba ki san aikina ba. A gari ana cewa likita ne, ni kuwa ɓeraye nake kiwo a wani ɗakin bincike a gefen Sheda, kusa da Abuja. Bari in faɗa miki yau, tunda da kina raye kunya ba za ta bar ki ki zauna ki saurare ni ba.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani lungu da ke taimaka wa mutum riƙe abin da ya gani. A lungun akwai wasu ƙwayoyi kamar irin shuka da kike ɓoyewa a tulu. Barci suke yi, jefi-jefi wata ta farka ta haifi sabuwa, ko da ɓeran ya girma. Idan tsoro ya zo, jiki yakan saki wani sinadari cikin jini, a mutum kotizol ake ce masa. Yana shiga ƙwayar, ya tarar da mai karɓar saƙo, shi kuma ya kai umarni ciki: a dakata, ba lokacin haihuwa ba ne. Tsoron yini ɗaya ba laifi, har amfani yake yi. Amma in tsoron ya ƙi ƙarewa, irin sai ya yi ta kwanciya.

Aikina shi ne in sa ɓera a bututun da ba zai iya juyawa ba, kullum, har makonni. Daga baya mu duba ƙwaƙwalwarsa a madubin ƙara girman abu, mu ga sababbin ƙwayoyin sun ragu. Madam Ladi, Bagwariyar da ke wanke kejin, takan ce, "Oga Habibu, wannan ɓera bai yi kuka, amma ciki nasa ya ƙone." A da, dariya nake yi.

Shekara shida kina cikin naki bututun, Inna. 'Yan bindiga suka hana noma. Sau uku kina ɗaure kaya ki gudu cikin gari, ki dawo ki tarar da rumbu wayam. Kowa ya zo sai ya ce ki yi haƙuri. Haƙurin nan da muke rabawa kamar goro, don ba ya cin mana komai. Na ji haushinsu, amma me za su ba ki? Su ma a bututun suke.

Nawa laifin ya fi nasu. Na kira ki a waya na ce ki dawo Abuja wurina. Kika ce, "Muna nan lafiya," kika miƙa wa ƙanwata Rakiya wayar. Na ɗauka amsa ke nan. Ni da na tashi a ɗakinki, na san uwa ba ta buɗe baki ta ce wa ɗan fari ya ɗauke ta. Gwaggo Asabe ya kamata in aika, ta zauna da ke, ta jiyo abin da ba za ki faɗa mini ba. Ban aika ba. Amsarki ta yi mini daɗi, don ɗakina ɗaya ne.

Da Rakiya ta ce kin fara mantuwa, na zo na duba ki. Ba ki kalle ni ba, ba ki kira ni ba, kika ce a ba "wancan" ruwa. Na ce wa Rakiya lafiyarki ƙalau, ai haka kike yi mini tun ina yaro. Na koma wurin ɓerayena.

Ba zan ce tsoro ne ya cinye tunaninki ba. Ɓera ba mutum ba ne, masana ma ba su gama gardama a kan yawan ƙwayoyin da babba ke sabuntawa ba, ga kuma tsufa. Ilimina bai isa ya kama ni da laifi ba, bai kuma isa ya wanke ni ba.

Zuwana na ƙarshe, kina zaune a gindin ɗorawa ana tsince wake. Kika ɗago kika dube ni ido cikin ido, abin da ba ki taɓa yi ba. Kika matsa mini a tabarma, kika tambaye ni daga ina baƙo yake. Na ce Abuja. Fuskarki ta washe.

"Ɗana Habibu yana can," kika ce. "In ka gan shi ka ce kada ya zo, hanya ba kyau. Ka ce ya riƙa cin abinci."

Shekara arba'in da huɗu ina jiran sunan nan daga bakinki, Inna. Na ce miki zan faɗa masa.

To, saƙo ya iso. Yana cin abinci, wata rana.

Allah Ya gafarta miki, Ya sanyaya makwancinki, Ya ajiye ki inda ba a jin ƙarar bindiga. Ya yafe mini aiken da ban yi ba. Ya haɗa mu a inda za ki gane ni, ko da za ki sake kawar da kai.

Naki,
Wancan da kika ce a ba ruwa,
Habibu