Kusoshin Baba da Lemon Tsakar Gida

Litinin, 3 ga Maris

Na dawo aiki na tarar Baba ya sake zuba wa lemon tsamin tsakar gidanmu toka. Da hannun hagu, tun da na dama ya daina yi masa aiki. Rabin tokar a gindin itace, rabi a rigarsa. Ni ce mai wanki.

Ganyen ya zama rawaya, jijiyoyin ne kawai kore. Kallo ɗaya na san ciwon: sinadarin ƙarfe ne ba ya samu. Na ce, Baba, tokar nan ce ke kashe shi. Ya ce, "Uwata, kafin a haife ki nake zuba toka." Shi ke nan, magana ta mutu.

Na gaji wallahi.

Laraba, 5 ga Maris

Yaya ya kira. Ya ce ɗakin da ya gyara wa Baba ya kammala, in na amince ya zo ya ɗauke shi cikin wata mai zuwa. Can bene ne, babu tsakar gida, babu ko tukunyar fure. Na ce to. Da sauri ma na faɗa, har na ji kunyar kaina.

Ban gaya wa Baba ba.

Asabar, 8 ga Maris

Abin dariya, abin haushi. A ɗakin gwaji aikina ke nan kullum: in jiƙa ruɓaɓɓen ganye, in tace wani ruwa mai kalar shayin da ya kwana, in ɗiga masa sinadarin ƙarfe, in auna yadda asid ɗin cikinsa ke riƙe shi. Ƙasar da toka ta yi wa yawa, ƙarfen cikinta daskarewa yake yi ya koma tsatsa, saiwa na kusa da shi amma ba ta iya sha. Asid ɗin ruɓaɓɓen ganye shi ke rungumo shi, ya hana shi daskarewa, ya kai shi bakin saiwa. Oga ma ya ce a duk sashen babu mai hannuna a wannan aiki. Amma a gidan ubanmu itace ɗaya ya gagare ni.

Na yi wa Baba bayani a hankali, na ce ƙarfe itacen yake nema. Kalmar ƙarfe kawai ya ɗauka. Da yamma na same shi zaune a ƙasa yana cusa tsofaffin kusoshi a gindin lemon, ya kasa tashi. Da ƙyar na ɗaga shi. Bayana har yanzu ciwo yake yi.

Talata, 11 ga Maris

Ya ƙi shan magani. Na ƙi yin magana. Mun ci abinci kamar baƙi a tasha.

Lahadi, 16 ga Maris

Na kwashe tokar yana barcin rana. Na kawo buhun takin ganye daga filin gwajinmu, wanda ya ruɓe sosai, baƙi wuluk, na baza na ba shi ruwa. Ya farka ya leƙo ta taga.

"Shara kika kawo mini gida?"

Na ce taki ne. Ya ce ya ga karatun boko, a biya wa yarinya makaranta ta dawo tana tara bola. Raina ya ɓaci, na ce ai ka kusa hutawa da ni da bolata, Yaya na zuwa ɗaukarka. Haka ya fita daga bakina, ba shiri.

Ya daɗe yana kallon itacen, sannan ya ce, "To wa zai ba shi ruwa?" Bai tambayi wa zai ba shi magani ba, ko wa zai yanke masa farce.

Na shiga banɗaki na yi kukana.

Juma'a, 28 ga Maris

Babu canji. Tsohon ganye na ta zuba. Baba ya daina fita wurin itacen, ya ce in naɗe masa rigunansa. Na naɗe. Gidan ya yi shiru, shirun da na daɗe ina roƙo, kuma ban ji daɗinsa ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ina sa takalmi zan fita Baba ya ƙwala mini kira. Na same shi a tsakar gida, ya bar sandarsa a ɗaki. Ƙananan ganye ne suka fito a kan reshe, kore shar.

"Kin ga aikin kusoshina?"

Na buɗe baki zan yi masa lacca, sai na ga yadda yake shafa sabon ganyen da hannun hagu. Na ce na gani, Baba. Na makara aiki, Oga ya yi ta tsaki.

Asabar, 19 ga Afrilu

Yaya ya zo da mota. Na tare shi a ƙofa na ce ya bari tukuna. Takin nan sai an riƙa ƙarawa, kuma dole wani ya zauna da itacen da rana, in ba haka ba awakin maƙwabta su cinye sabon ganyen. Ya ce, "Ke da kika ce kin gaji?" Na ce har yanzu a gajiye nake.

Ya sha ruwa, ya gaisa da Baba, ya tafi. Na mayar da rigunan cikin kwaba.

Saboda itacen ne kawai.