Ƙayar Kurungu a Hannun Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya iyali, ya aiki a Kaduna?

Hankalina a tashe yake. Ran Talata Baba ya je su a sabon dam. Ya saba da tarwada, sai ya cafki kifin nan kurungu da tafin hannu, bai karya ƙayarsa ba, ta shige shi. Yau kwana huɗu hannun a kumbure, ko alwala sai Inna ta taimaka masa. Na ce mu tafi asibitin Kankiya, ya ce kifi bai isa ya kwantar da shi ba.

Maganarka kaɗai yake ji. Ka gaida Kawu. Ku sa Baba a addu'a, amma don Allah ka zo.

Ƙanwarka,
Binta, Kaikai