Sanda Ya Ƙi Ruwan Inna

Yaya Isufu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya zaman Abijan? Ina Rabi da yara? Mu nan Guci lafiya lau, gero ya fara fitar da kai.

Sanda ya zo gaisuwar rasuwar Baba. Sandan da ya yi lakwal, karatun boko, yana zaune a gidanmu, kuna cin tuwo ƙwarya ɗaya, wanda Baba ya bi ƙauyuka yana roƙa masa ƙuri'a har ya zama depite a majalisa. Tun da ya tafi Yamai bai ƙara taka zaurenmu ba. Sai yanzu da kujera ta kuɓuce masa ya tuna hanya.

Ya zo da motoci da mai ɗaukar hoto, ya taka buzun Baba da takalmi. Inna tana cikin takaba, amma ta aiko masa da ruwa a kwanon shan Baba. Ko taɓawa bai yi ba, Yaya! A gaban dattawa ya juya ya karɓi ruwan roba hannun direbansa.

Inna ta sa aka mayar masa da buhun shinkafar da ya kawo. Ta ce, "Tunda ruwana ya yi masa datti, shinkafarsa ba za ta shiga tukunyata ba."

Ya karɓi lambarka, wai ka tara masa 'yan Guci na can don zaɓe mai zuwa. Kada ka tara masa ko mutum ɗaya.

Ka sa Baba a addu'a, ka gaishe da mutanenmu. In Sanda ya kira, ka tambaye shi da ruwan wace rijiya ya girma.

Ƙanwarka,
Hadiza